Zabirar da Ta Riga Mai Ita Zuwa Gida

Fatakwal, 9 ga Disamba

Zuwa ga 'yar Kawuna, Madam Najaha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya Inna da ciwon gwiwarta? Yaya Kawu Alhaji Munkaila? Ki gaishe mini da matata Rashida, ki ce mata hular da ta ɗinka mini ita ce a kaina yanzu haka. Ni lafiyata ƙalau, sai gumin garin nan da ba ya ƙarewa.

Kar ki fara mini tsiyar cewa duniya ta koma salula ni ina fama da bik da takarda. Tun da sanƙarau ya tafi da kunnena na hagu ya bar mini rabin na dama, in na kara waya sai in ji kamar zuma a cikin tulu. Zakari direban kamyon shanu yana zuwa nan duk sati biyu, shi ne salulata.

To ga labari, amma ki san inda za ki tsallake in kina karanta wa Inna.

Wata guda ke nan wasu ɓarayi a kan babur sun addabi unguwar da muke. Da rana tsaka suke fizge waya, su yanke jaka da wuƙa, har sun yanki wata mata a hannu. Sai samarin unguwa suka kafa banga, suna tare duk wanda ba su san fuskarsa ba. Kin san in abu ya ɓata, baƙo ake fara kallo.

Ran Talata da hantsi ina tafe wajen kasuwar kifi, zabira a kafaɗa. Ashe suna ta kirana ta baya, ta ɓangaren mataccen kunnen, ni kuwa ina ta tafiyata. Ban ankara ba sai na ji an shaƙe mini wuyan riga. Suka zazzage zabirar a tsakiyar titi: aska bakwai, almakashi, ƙahoni uku, 'yar tsaga, da ƙulle-ƙullen magani. A Matameye in aka ga kayan nan sai a ce, "Sannu wanzam, gidan wa ake suna?" A nan kuwa sai na ga wani ya sunkuya ya ɗauki bulo. Na miƙa musu kart dantite, katin shaidata na ɗan ƙasa, suka juya shi sama suka juya shi ƙasa, Faransanci ne, ba wanda ya gane ko harafi.

Najaha, wallahi na riga na fara kalmar shahada. Sai ga wata mata ta keto taron tana masifa da yarensu, Mama Ngozi mai busasshen kifi, wadda na yi wa mijinta ƙaho sau uku saboda ciwon baya. Ta ɗauki ƙahon ta kafa a ƙeyarta tana nuna musu yadda ake yi. Babbansu ya ce in da gaske ni mai aski ne, in gwada a gemunsa. Aka kawo benci da ruwa a roba. Na jiƙa gemun na kafa aska. Allah ya rufa asiri, fuska ta fito sumul ko ƙwarzane babu. Ya shafa, ya duba madubin babur, ya yi dariya, har ya ce in dawo ran Asabar.

Alhaji Ummaru mai masaukinmu ya ce in daina yawo da zabira. Haba! Zabirar da kakana ya rataya, Baba ya rataya? Ki gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta, ɗanta bai zubar da gado ba. Ni da zabirar nan mutu ka raba, takalmin kaza. Ranar da kuka gan ta a Matameye ba kafaɗata a ƙarƙashinta, to ku shimfiɗa tabarmin gaisuwa.

Na san ki, uwar 'yan leƙe, kin riga kin buɗe ledar da na aiko wa Rashida. Sabulu ne, ki mayar ki ɗaure.

Ɗan Gwaggonki,
Isufu wanzam

*

Matameye, 21 ga Disamba

Isufu ɗan mace,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso ran Lahadi. Kowa lafiya. Gwiwar Gwaggo ta yi sauƙi tun da aka ba ta wani man shafawa a likita, Baba yana gaishe ka, Rashida ta ce sabulun ya yi ƙamshi. Na buɗe ledar mana, ka taɓa ganin bawa ya aiko da kaya uwargijiyarsa ba ta duba ba?

Na karanta musu a tsakar gida. Da na zo wajen bulo sai na yi tari na tsallake, na ce kana ba da labarin tsadar kifi. Amma ni da na koma ɗaki na sake karantawa, sai da na zauna a ƙasa. Kana ba da labarin kamar wasan yara, alhali da matar nan ta makara da minti biyu da yanzu wani zance ake. Allah ya saka mata da alheri, ko da ban san ta ba.

Wajen cika bakinka kuwa ban tsallake ba, don na ga Gwaggo za ta ji daɗi. Sau biyu ta sa na maimaita mata. Ta ce, "Ɗan ubansa ke nan." Sai kuma ta kama share ido da bakin mayafi, ta ba mu labarin ranar da wani baƙo ya yi sallama a zaurenku da zabirar Babanka daga Kumashi, kana ɗan shekara tara. Ta ce ajiye ta kawai ya yi a gabanta, ita kuwa ta gane mai ita ya rasu. Ta ce haka aka kawo ta kakanka daga Ikko tana amarya. Ni ban so zancen ya je can ba.

Yanzu ka saurare ni, da kunnen da ya rage. Wanzami ba ya son jarfa, na sani, amma sai na yi maka. Ka bi maganar Alhaji Ummaru. Mai son aski ya zo ya same ka a masauki. In dole sai ka fita, kar ka fita kai kaɗai, kuma ka riƙa waiwaye tunda kunnenka ba ya yi maka gadi. Ga wata 'yar takarda nan a ciki, mushe, wato malamin Ingilishi na kolej, ya rubuta maka da Turancinsu cewa kai wanzami ne daga Nijar, kuma ba ka ji sosai. Ka sa a yi mata leda, ka haɗa ta da kart ɗinka a aljihun gaba. Gado ba ya amfanar wanda ba shi da rai.

Raken Dungu ya fara shigowa, zaƙi kamar me. Na so in aiko maka, Zakari ya ce shanu za su riga ka sha. Ga ƙuli-ƙuli da busasshen zogale daga Rashida.

Uwargijiyarka,
Najaha

*

Matameye, 3 ga Fabrairu

Isufu,

Assalamu alaikum. Ban san yadda zan tambayi lafiyarka ba. Rabin garin nan sun ce wanda nake rubuta wa ba ya duniya. Ni dai zan rubuta, in ba wa duk wanda na samu zai gangara Kudu.

Shekaranjiya da la'asar Zakari ya yi sallama a zaurenku da buhu a hannu. Ya zaro zabirarka ya ajiye. Gwaggo tana tankaɗe, ta dubi zabirar, ta dubi bayan Zakari ko akwai mai shigowa, sai rariyar ta faɗi daga hannunta. Ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Ya faɗa da bakinsa. A shimfiɗa tabarmi."

Na tsare Zakari da tambaya har ya fara gumi. Ya ce bai gan ka ba. Wani tsoho ɗan garin ne ya same shi a kara, kasuwar shanu, ba ya jin Hausa, ya miƙa masa buhun ya ambaci sunanka da Matameye, ya juya da sauri. Zakari ya ce ya je masaukinku ya tarar da ƙofa a ɓalle, ba kowa. A kara kuma ya ji ana cewa an doki wani ɗan Nijar mai yawo da wuƙaƙe, an ɗauke shi ranga-ranga. Na buga lambar Alhaji Ummaru ta fi sau hamsin, a rufe take.

Malam liman ya ce ba a takaba da zato, sai an sami shaida. Baba ya yarda da shi. Amma wa zai hana mata shigowa? Tun jiya gidan a cike yake, har daga Tsauni an zo. Sarkin Aska Bawa ya zo ya rataye zabirar a ɗakin Gwaggo, ya ce bisa al'adar gidanku ba mai taɓa ta sai ran bakwai, shi zai buɗe da hannunsa. Ya ce akwai abubuwa a ciki da in mace ta sa hannu, hannun zai shanye.

Zan faɗa maka abin da na yi. Da hantsin jiya da ɗakin ya yi shiru na ɗaga murfin da ɗan yatsa, murfin kawai. Na ƙirga ƙotocin askar a gurabensu. Shida ne. Wadda babu ita ce tsohuwar nan ta Babanka, mai ƙotar da aka ɗaure da jan waya. Sai na ji tafiya, na saki.

Na ce wa Baba, ɓarawo duka zai kwashe, masu haɗa kayan mamaci duka za su haɗo. Mutum ɗaya ne a duniya zai bar masu kyau shida ya zaɓi mummunar, shi ne Isufu. Kuma buhun ƙarnin busasshen kifi yake, na san daga hannun wa ya fito. Sai dai don in yi bayanin kifin, dole na fito da takardarka ta Disamba na karanta musu inda na tsallake. Kash! Da Gwaggo ta ji zancen bulo sai ta juya fuskarta bango. Na zo gyara na ƙara ɓatawa.

Yau kwana biyu ko kunu ba ta sha ba. Ruwa kawai, shi ma da lallashi. Rashida kuwa ta ƙi cire 'yan kunnenta duk da tsofaffi suna ta harararta.

Isufu, ina jin tsoro. In kana raye ka yi wa Allah ka aiko da ko kalma ɗaya, don tsohuwar nan ba za ta kai ran bakwai a haka ba.

Najaha

*

Fatakwal, 26 ga Janairu

Madam Najaha, uwar 'yan leƙe,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya, Inna da Kawu da Rashida da yaranki. Ni lafiya lau, ko ƙwarzane babu a jikina, ki fara faɗa wa Inna wannan kafin komai.

Na naɗe takardar nan na tura ta cikin babban ƙahon, na toshe da auduga, don man kifi kar ya ɓata ta, kuma in an tare buhun a hanya kar a yaga. Ban damu ba, na san kafin Zakari ya gama shan ruwa kin riga kin zazzage zabirar kin leƙa kowane lungu. Halinki yau ya yi mini rana.

Kin yi gaskiya, ni na yi kuskure, ki rubuta wannan a allo ki nuna wa 'yan lakwal ɗin da kike koyarwa. Abin ya ƙara lalacewa. Ɓarayin nan sun yanki wani ɗan kasuwa ran Litinin, bai tashi ba. Washegari da safe aka tare Nasiru ɗan Tsauni mai gyaran takalma, aka ga wuƙar yankan fata da basilla a akwatinsa. Ba a ba shi damar gwadawa kamar ni ba. Sun karya masa hannu da haƙarƙari, amma yana raye, yana asibiti, jiya ma ya sha shayi. Daga nan suka wuce masaukinmu suka ɓalle ƙofa suna neman makamai. Kowa ya yi ta kansa. Alhaji Ummaru ya tsallake katanga, salularsa ta faɗa kwata, yanzu yana wajen ƙanensa a wani gari.

Ni ina kasuwar kifi lokacin. Takardar mushen nan ta yi aiki, na nuna wa wasu biyu suka bar ni na wuce. Mama Ngozi ta tura ni bayan rumfarta ta jera kwanduna a gabana, da yamma ta kai ni gidansu. Kwana biyar ke nan ina ɗakin ɗansu da ke makaranta. Sun ware mini tukunya da cokali, mijin yana nuna mini agogo in lokacin salla ya yi.

Sai dai ta ce zabira ba za ta zauna a gidanta ba, in aka bincika aka same ta har su abin zai shafa. Gaskiyarta. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Gobe mijinta zai kai wa Zakari ita a ƙarƙashin kifi, ni ba halin in ratsa gari da ita. Na cire askar Baba kawai, na ɗinke ta cikin matashin kaina. Wannan kam ba zan iya ba.

Maganar da na yi a waccan takarda ta tabarmi, cika baki ne irin na wanzamai, na san kun gane. Ki ce wa Inna ta ajiye mini kayana ta riƙa shafa wa fatar man shanu.

Ɗan Gwaggonki mai rai da lafiya,
Isufu

*

Matameye, 6 ga Fabrairu

Kai Isufu! Kai Isufu!

Assalamu alaikum, don dai Musulunci ya ce a yi sallama. Lafiyarmu lau yanzu, ba don halinka ba. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. In rubutun ya karkace ka yi haƙuri, ko ma kar ka yi.

Kwana huɗu takardarka tana rataye a saman kan Gwaggo, tsakaninta da ita bai fi kamu uku ba, tana kwance tana bin ka lahira da yunwa. A cikin ƙaho! Duk duniya ka rasa inda za ka sa takarda sai inda aka ce hannun mace zai shanye? Ka dogara da leƙena. To ka ji, ni Najaha da ban taɓa barin ƙullin kowa a ɗaure ba, sau ɗaya a rayuwata na yi ladabi, shi ne wannan. Murfi kawai na ɗaga na tsorata.

Ba ni na samo ta ba. Rashida ce. Jiya da hantsi ɗakin cike da mata, Gwaggo ta ƙi karɓar kunu karo na uku, har muryarta ba ta fita. Sai Rashida ta miƙe, yarinyar nan da ba a jin ko tarinta, ta taka turmi ta sauko da zabirar. Tsofaffi suka ɗau salati. Wata ta ce, "Ke, hannunki!" Ta ce, "In zai shanye ya shanye. Najaha ta ce shida ne, ina so in ƙirga da kaina." Ta zazzage komai a kan tabarmar gaisuwar. Babban ƙahon ya gangara har gaban ƙafata, na ga auduga a bakinsa, na ga gefen takarda.

Ban san lokacin da na fizge ta ba. Na karanta layin farko da ƙarfi, har na kai wajen "ko ƙwarzane babu a jikina". Gwaggo ta tashi zaune ba wanda ya taimaka mata. Ta ce, "Rubutunsa ne?" Na ce rubutunsa ne, Gwaggo, ga shi kamar tafiyar kaza. Ta ce in karanta duka, kuma in na tsallake ko harafi ɗaya ba ta yafe ba. Na karanta duka, har zagin da ka yi mini.

Sai guɗa ta tashi. Matan da suka zo gaisuwar mutuwa su ne suka koma rangaɗa guɗa, har maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko haihuwa aka yi. Baba ya shigo ba takalmi. Rashida kuwa sai a lokacin ta fashe da kukan da ta riƙe kwana huɗu. Gwaggo ta dubi kwanon kunun ta ce ya huce, a ɗumama mata, kuma a sa tsamiya da yawa. Ta shanye ta nemi ƙari.

Sarkin Aska ya zo da la'asar a fusace. Ya dubi hannun Rashida, ya juya shi, ya ce Allah ya taimake ta mai zabirar na raye, shi ya sa abin bai kama ta ba. Ba wanda ya yi masa musu, ranar murna ce. Hatsin da aka auna don sadakarka an dafa shi an raba na godiya. Baba ya hau babur da kansa ya je Tsauni ya sanar da mutanen Nasiru, don su ma ba su san halin da yake ciki ba. Ka ga murnarmu ta zama kukan wasu. Yayansa zai biyo Zakari, ka taimaka masa ya gane asibitin.

"Na san kun gane," in ji ka. Ba mu gane ba, Isufu. Matar da aka ajiye wa zabira a gabanta sau biyu ba ta san cika baki ba.

Takardar nan ta kwana goma sha ɗaya da rubutawa, don haka hankalina bai gama kwanciya ba sai na ga sabuwa. Ka gaishe da Mama Ngozi da mijinta. Ga turmin atamfa daga Gwaggo, ga kilishi daga Baba, a ba su hannu da hannu.

Wadda za ta ja kunnenka mai jin in ka dawo,
Najaha

*

Fatakwal, 18 ga Fabrairu

Zuwa ga Najaha,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, ina lafiya, ina lafiya. Na rubuta sau uku don kar a sake neman shaida. Yaya ƙarfin jikin Inna? Tana cin tuwo ko har yanzu kunu ne?

Takardunki biyu rana ɗaya suka same ni, na fara buɗe ta ukun wata. Najaha, ban kai ƙarshenta ba na fita bayan gida na yi kuka kamar yaron da aka yi wa kaciya. Ni da bakina na kusa kashe uwata. Da na tuna ranar da aka kawo ta Baba, da ko a kan goshin Zakari ne sai na rubuta saƙon. Ina gudun man kifi ya ɓata takarda, ban tuna da abin da idon Inna zai fara gani ba. Ki durƙusa a gabanta a madadina ki ce ta yafe mini. Rashida kuwa ban san abin da zan ce mata ba. Ki ce mata na ji abin da ta yi.

Nan ƙura ta lafa. An kama ɓarayin ran Juma'ar da ta wuce, su huɗu, a wani kango. Uku 'yan garin ne, na huɗun kuwa Hausa yake ji kamar ni da ke. Ɓarawo ba shi da gari. Babban 'yan bangar, wanda na yi wa gyaran fuska, ya je asibiti ya duba Nasiru, ya tsaya a bakin gado ya kasa haɗa ido da shi. Hannun yana ɗorewa, yayansa zai taho da shi gida in an sallame shi. Alhaji Ummaru ya dawo, an gyara ƙofa, dattawanmu da na unguwa sun zauna an rubuta sunan kowa da sana'arsa.

Mama Ngozi ta ɗaura atamfar ta zaga kasuwa da ita tana cewa uwar wanzami ce ta aiko mata daga Nijar. Ta samo mini wuri a shagon wani mai askin inji. Ina koyo, amma abin kuka yake yi a hannu, kai kuma ba ya fita yadda nake so.

Saboda haka ga roƙona. Tunda an zauna lafiya, a ba Zakari zabirar ya dawo mini da ita. Saura wata uku kafin shuka, masu ƙaho suna ta nemana, kafaɗata kuma ba ta saba da zama haka ba.

Ɗan Gwaggonki,
Isufu

*

Matameye, 2 ga Maris

Isufu,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Gwaggo tana cin tuwo har da neman man shanu, jiya ma ta taka da ƙafarta zuwa barkar haihuwa. Na durƙusa kamar yadda ka ce, karo na farko kuma na ƙarshe da 'yar namiji za ta durƙusa saboda ɗan mace. Ta ce ta yafe tun kafin kunun ya ɗumama. Rashida ta ce in gaya maka hannunta lafiya lau, da shi take ɗinka maka sabuwar hula.

Zancen zabira kuwa, na karanta mata roƙonka ban tsallake komai ba. Baba ya goyi bayanka, Sarkin Aska ma ya ce wanzami ba zabira ai tsirara yake. Ta bar su suka gama. Sannan ta ce in ɗauko bik in rubuta yadda ta faɗa, ga shi:

"Isufu, zabirar nan ba za ta ƙara hawa mota ita kaɗai ba. Ka yi askin injinka har shuka, ba wanda ya taɓa mutuwa don kafaɗarsa ta huta. Sau biyu ana ajiye mini ita a gabana, ta kakanka da ta ubanka, ina duban zaure ba wanda ya biyo bayanta. Wannan karon ina so in ga mai ita ya shigo da ƙafarsa ya ce, Inna, a ba ni kayana."

Ta sauke ta daga inda Sarkin Aska ya rataye ta, ta mayar da ita bakin ƙofa, inda ake gani daga zaure. Kullum da safe tana shafa wa fatar man shanu, ta goge askar shida ɗaya bayan ɗaya ta mayar. Na ce mata ta rufe murfin saboda tsatsa, ta ce a'a, ba a rufewa sai ta bakwai ta shiga gurbinta.

Ka riƙa waiwaye in kana tafiya. Allah ya kawo mana kai lafiya.

'Yar Kawunka,
Najaha